La'adar da Ba a Gani: Jari da Kamun Kai a Cacar Wasanni

Duk wanda ya daɗe yana sauraron hirar masu cacar wasanni ya san akwai wata magana da ba ta tsufa a bakinsu: "Ai wasa ɗaya ne ya yanka mini tikiti." Kullum wasa ɗaya ne. Ko dai alƙalin wasa ya hana fenareti, ko mai tsaron gida ya yi sakaci, ko kuma ɗan gaba ya ɓarar da ƙwallo daga shi sai raga. Ana cikin wannan jimami sai wani da ke ganin ya fi sauran wayewa ya gyara zama, ya ce matsalarsu ɗaya ce: ba su iya tattalin jari ba, kuma ba su da kamun kai. Wai da za su riƙa zubawa kaɗan-kaɗan su daina zari, da tuni sun fara kwasar riba.

Rabin maganar nan gaskiya ce, rabi kuma romon baka. Ban zo da wa'azi ba, don hukuncin caca ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma waɗanda suka fi ni sani sun daɗe da yin bayaninsa. Ni alƙaluma zan baje, saboda na lura yawancin masu zuba kuɗinsu ba su taɓa zama sun duba yadda aka gina abin da suke zubawa a ciki ba.

Lambar nan da ake rubutawa a gaban kowace ƙungiya, wadda 'yan caca ke kira od, ni zan kira ta ninki, tunda aikinta ke nan. Ita ke faɗa maka sau nawa za a ninka abin da ka zuba idan ka ci. Ninki 2.00 na nufin ka zuba 100 a ba ka 200, wato uwar kuɗinka da ribar 100 a kai, kuma ko wane irin kuɗi kake riƙe da shi lissafin bai canza ba. Sai dai lambar tana da fuska ta biyu da ba kowa ke juyawa ya gani ba. Idan ka raba 100 da ita, za ta nuna maka yiwuwar da aka yi wa abin farashi a kai. Ninki 2.00 kashi 50 cikin 100 ke nan, ninki 4.00 kashi 25, ninki 1.25 kuma kashi 80.

Yanzu ɗauki tsabar nan da alƙalin wasa ke jefawa sama kafin a take leda. Ko ta faɗi ta fuska ko ta baya, babu na uku, kuma babu ɓangaren da ya fi wani. Farashin adalci a nan 2.00 ne ga kowane gefe. Kamfanin caca ba zai ba ka 2.00 ba. Zai ba ka kamar 1.91, ya ba abokin hamayyarka ma 1.91. Kai ka zuba 100 a fuska, shi ya zuba 100 a baya, kamfani ya tara 200. Tsaba ta faɗi, aka biya wanda ya ci 191, saura 9 ta zauna a aljihun kamfani. Bai damu da wa ya ci ba, kamar yadda dillali bai damu da wa ya fi jin daɗin ciniki ba in dai la'adarsa ta fita. Tara cikin 200 ta kama kashi 4 da rabi cikin 100, kuma an cire ta tun kafin a busa usur.

Kowa na iya gwada wannan da kansa. Buɗe kowane wasa ka ɗauki ninki ukun da aka rubuta: na masu gida, na canjaras, na baƙi. A ce 2.10 ne da 3.40 da 3.30. Raba 100 da kowanne, za ka samu kusan 47.6 da 29.4 da 30.3. Haɗa su, sun ba da 107 da ɗoriya. Wasa kuwa dole ɗayan ukun nan ya faru, saboda haka jimillar gaskiya 100 ce cif. Wannan rarar da ta hau sama ita ce la'adar. A manyan wasannin da duniya ke kallo takan yi ƙasa saboda gasa tsakanin kamfanoni, a ƙananan gasanni da ƙananan zaɓuɓɓuka irin su wa zai fara cin ƙwallo ko kati nawa za a ɗaga takan yi sama sosai.

Abin da wannan ke nufi ga mai zuba kuɗi shi ne, a ninki 1.91, cin rabi da faɗuwa rabi ba canjaras ba ne, asara ce. Sai ya ci fiye da 52 cikin kowane wasa 100 kafin ya fara ganin ko ƙwayar riba. To a tara mutane da yawa waɗanda hasashensu bai fi jefa tsaba ba, kowa ya buga wasa 100 da kuɗi iri ɗaya. Kusan uku cikin goma za su tashi da riba, ba don sun iya ba sai don sa'a ta faɗo gefensu. A bar su su kai wasa 1,000, masu riba su koma kamar bakwai cikin ɗari. A kai su wasa 10,000, sai ka yi ta nema da fitila ba ka samu ko ɗaya ba. Wannan shi ya sa kowa ya san wani da ya ci, kuma kowa ya taɓa yin watan da abin ya yi masa daɗi. A gajeren zango sa'a ce ke magana da ƙarfi, la'ada tana raɗa. Idan tafiya ta yi nisa muryar sa'a takan dishe, la'ada kuwa tana nan yadda take.

Akwai wani abu kuma da ke ruɗar mutane. Suna ɗauka la'adar a kan kuɗin da suka ajiye a asusu ake cire ta. A'a, a kan kuɗin da suka juya ne. Mutum ya saka 1,000, yana zuba 100 a wasa goma kowane mako, yana mayar da abin da ya ci cikin wasa na gaba. Kowane mako ya juya 1,000 ke nan, kuma a matsakaicin lissafi 45 na zubewa. Ba zai ji zafin ba, don wani makon zai hau wani ya sauka. Amma a wannan tafiya, kamar wata biyar ya isa la'ada kaɗai ta lashe dubun nan, ba tare da ya yi wani babban ganganci ba.

Sai tikitin haɗaka, wanda ake jera wasanni goma ko ashirin a ce sai duk sun shiga kafin a ci. A nan ne nake so a tsaya a duba da kyau, domin shi ne abin da ya fi jan ƙananan masu caca, kuma shi ne kamfanoni suka fi tallatawa, har da ƙarin garaɓasa ga wanda ya ƙara yawan wasanni. Dalili a bayyane yake. Yadda ninki ke hawa kan ninki, haka la'ada ke hawa kan la'ada. Idan a wasa guda kowace 100 darajarta ta gaskiya 95 da rabi ce, a haɗakar wasa biyar ta koma kusan 79, a haɗakar goma kuma kusan 63. Wato tun lokacin da ka danna, fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka ya riga ya zama na wani.

Wani zai ce ai shi ba ya zaɓar wasa mai haɗari, manyan ƙungiyoyi kawai yake jerawa, masu ninki 1.30, waɗanda "ba yadda za a yi su faɗi." Mu ɗauka kowace cikinsu tana da yiwuwar ci kashi 73 cikin 100, wanda ba ƙaramin rinjaye ba ne. Yiwuwar duk goman su ci a tare ba ta wuce kashi 4 da ɗan wani abu cikin 100 ba. Kuma ga inda abin ya fi ciwo: a irin wannan tikiti, samun takwas ko tara su shiga abu ne da zai riƙa faruwa a kai a kai. Maganar "wasa ɗaya ne ya yanka mini" ba rashin sa'a na musamman ba ne da ya faɗo wa mutum ɗaya. Haka aka ƙera abin ya riƙa ƙarewa, kuma wannan kusa-da-ci ɗin shi ke dawo da mutum mako mai zuwa.

Ga masu cewa an taɓa gani, gaskiya ne an taɓa gani. Leicester City ta ɗauki kofin Firimiyar Ingila a kakar 2015/2016 bayan kamfanoni sun yi mata farashin 5,000 a kan 1, wato ka zuba 1 ka ci ribar 5,000, kuma akwai 'yan tsirarun magoya baya da suka dara. Amma ana ba da labarin ne har yau saboda irinsa ba ya maimaituwa. Abin da ya fi yawa shi ne kishiyarsa. A watan Nuwamba na 2022, a gasar kofin duniya ta Katar, Ajantina ta shigo fili da wasa 36 a jere ba a doke ta ba, Saudiyya ta ci ta 2 da 1. Tikiti nawa ne a duniya aka ɗora a kan wannan wasa a matsayin tubalin da ba ya motsi? Ajantinar ce kuma ta ɗauki kofin daga baya, wato hasashen cewa ta fi ƙarfi daidai ne, sai dai ƙarfi ba ya hana faɗuwar rana ɗaya.

To ina tattalin jari ya shigo? Abin da ake nufi da shi ba wani sirri ba ne. Mutum ya ware wani adadi wanda ko ya ƙone ƙurmus ba zai taɓa cinsa da shansa da haƙƙin iyalinsa ba, ya ce wannan shi ne jarin, babu ƙari. Sannan ya yanka shi ƙanana, kowane wasa ya zuba kashi 1 ko 2 cikin 100, kuma adadin ya tsaya yadda yake ko zuciya ta ce wannan wasan tabbas ne. Hikimar tana cikin abin da ake kira jerin faɗuwa. Wanda ke cin rabin wasanninsa, idan ya buga 1,000, ya sa rai da cewa wani lokaci zai faɗi sau tara ko goma a jere. Ba maita ba ce, ba baki aka yi masa ba, ɗabi'ar lissafi ce. Mai zuba kashi 1 zai fito daga wannan rami da kusan kashi 90 na jarinsa. Mai zuba ɗaya bisa biyar na jarin da ya fara da shi, tun a faɗuwa ta biyar labarinsa ya ƙare.

Kuma hawa ya fi sauka wuya. Wanda ya rasa rabin jarinsa ba ribar kashi 50 yake buƙata ya dawo inda yake ba, sai ya ninka abin da ya rage sau biyu. Wanda ya rasa kashi 80 sai ya ninka ragowar sau biyar.

Masu son nuna zurfin ilimi sukan kawo sunan Kelly. John Kelly masanin kimiyya ne da ya yi aiki a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, kuma a 1956 ya fitar da wata ƙa'ida da ke amsa tambaya guda: idan kana da rinjaye na gaske, kashi nawa na jarinka ya kamata ka zuba domin ya fi saurin girma ba tare da ka karye ba? A ninki 2.00 amsar mai sauƙi ce, ka cire yiwuwar faɗuwa daga yiwuwar ci. Idan da gaske kana cin 55 kana faɗuwa 45, ka zuba kashi 10. Idan ninkin ya sauko 1.91, da wannan ƙwarewar dai, kason ya koma 5 da rabi. Masu zuba jari a kasuwannin hannun jari ma sun ɗauki wannan ƙa'ida suna aiki da ita, don haka ba tatsuniya ba ce.

Amma akwai abu biyu da masu yayata ta ba su cika faɗa ba. Na farko, ƙa'idar tana buƙatar ka san yiwuwar cinka ta gaskiya, kuma ɗan Adam gwani ne wajen kai kansa inda bai kai ba. A ce mutum yana ganin yana cin 60 cikin 100, sai ƙa'ida ta ce masa ya zuba kashi 20. Alhali a zahiri 55 yake ci. Wannan mutum yana da rinjaye na gaske, abin da dubbai ba su da shi, amma saboda ya zuba ninki biyu na abin da ya dace, jarinsa zai yi ta hawa da sauka kamar lilo, a ƙarshe bai ƙaru da komai ba. Ya ƙara ko kaɗan a kan haka, sai gangara. Shi ya sa ƙwararrun da suka san abin sukan zuba rabin abin da ƙa'idar ta ce, ko rubu'insa.

Na biyu shi ne wanda ya fi ba ni dariya. Saka wa ƙa'idar lambobin mai caca na yau da kullum, mai cin 50, kai ko 52 cikin 100 a ninki 1.91, ka ga amsar da za ta ba ka. Lamba ce da ke ƙasa da sifili. Ma'ana, kada ka zuba ko kaɗan. Ƙa'idar da aka fi girmamawa a fagen tattalin jarin caca, idan aka tambaye ta game da mafi yawan masu caca, cewa take da muguwar rawa gara ƙin tashi. A nan ne rabin maganar mai wayewar nan ta zama romon baka. Tattali ba ya mayar da asara riba. Idan kowace 100 da ka zuba darajarta 95 ce, ko ka yanka ta gida dubu, kowane yanki 95 ɗin yake ɗauke da ita. Abin da tattali ke yi shi ne ya rage gudun asarar, ya kuma gina katanga tsakaninta da sauran rayuwarka. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, amma a kira shi da sunansa.

Akwai dabarar da ke yawo tun ƙarni na 18 a Faransa, kuma duk bayan 'yan shekaru sai wani ya sake "gano" ta ya ɗauka shi ne na farko: in ka faɗi ka ninka, in ka sake faɗuwa ka sake ninkawa, ranar da ka ci ka maido da komai da ribar farko a kai. A takarda kamar babu makusa. Ka fara da 1, sai 2, 4, 8, 16. Zuwa faɗuwa ta goma ka zubar da 1,023, kuma wasa na gaba yana neman 1,024, duk don ka ci ribar 1. Mun riga mun ga cewa faɗuwa goma a jere tana nan tafe ga duk wanda ya daɗe. Ƙari a kan haka, a ninki 1.91 ko ka ci wasan na sha ɗaya ribarsa 932 ce, ba ta ma rufe ramin ba. Ga shi kamfani na da iyakar abin da zai karɓa a wasa guda, aljihunka ma yana da tasa.

Tushen wannan dabara wani tunani ne da ke zaune a kan kowa, cewa abin da ya daɗe bai zo ba ya kusa zuwa. A 1913, a gidan cacar Monte Carlo, ƙwallon faifan rulet, wani faifan caca da ake juyawa mai gurabe ja da baƙi, ya faɗa baƙi sau 26 a jere. Mutane suka yi ta tura dukiya a kan ja, kowane zagaye suna cewa yanzu kam dole ya juya. Faifai ba shi da ƙwaƙwalwa, bai san abin da ya yi ɗazu ba. Tikitinka na yau ma bai san ka faɗi jiya ba, kuma babu bashin da yake jin ana bin sa.

Yanzu a bar takarda a dubi mutum. Yammacin Asabar, yana zaune da waya a hannu, tikitin wasa goma, tara sun yi kore. Na ƙarshe ana 1 da nema, minti na 88. Ya riga ya kashe kuɗin a zuciyarsa, ya biya bashi, ya sayi abin da ya daɗe yana so. Manhajar ta miƙo masa tayin ya karɓi wani kaso ya fita tun kafin a tashi, ya dube shi ya ce haba, minti biyu? Aka bugo kwana, aka farke. Abin da ya zuba da safe ƙanƙane ne, amma abin da yake jin ya rasa shi ne babban adadin da ke rubuce a ƙasan tikitin, kuɗin da bai taɓa shiga hannunsa ba. Bai ajiye wayar ba. Ya gangara ƙasa yana neman wasan da bai fara ba, ya samu wata gasa a wata nahiya, ƙungiyoyin da ko sunansu bai iya faɗa ba, za su fara ƙarfe ɗayan dare. Ya zuba ninki biyar na abin da ya saba. Ba hasashe yake yi ba a wannan lokaci, ciwo yake nema wa magani.

Wannan shi ake kira bin asara, kuma shi ne ke karya mutane fiye da kowace la'ada. La'ada wata biyar take ɗauka, bin asara dare ɗaya ya ishe shi. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky, a aikin da suka fitar a 1979 da wanda ya biyo baya, sun nuna cewa zafin rasa abu ya kai kusan ninki biyu na daɗin samun irinsa, kuma mutumin da ke cikin asara ya fi yarda ya ɗauki kasadar da ba zai taɓa ɗauka ba da yana cikin riba. Kahneman ya samu kyautar Nobel a 2002 a kan irin wannan bincike. Hausawa sun riga sun taƙaita shi: garin neman gira a rasa ido. Tun kafin Kahneman da Tversky, wani masanin halayya, B. F. Skinner, ya nuna da tantabaru cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi ladan da aka saba da shi riƙe halitta. Tantabarar da ba ta san bugu na nawa ne zai fito da tsaba ba ita ce ba ta daina bugawa. Cacar da ake yi ana tsakiyar wasa, inda kowane minti akwai sabon abin zubawa, wa zai yi jifa na gaba, wa zai samu kwana, ta matso da wannan zagaye daga mako guda zuwa daƙiƙoƙi.

Kada kuma a ɗauka sanin ƙwallo kariya ne. A watan Mayu na 2023 hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da Ivan Toney, ɗan gaban Brentford a lokacin, na wata takwas bisa karya dokar caca sau 232, kuma likita ya tabbatar yana fama da jarabar caca. A watan Oktoba na shekarar, aka dakatar da Sandro Tonali na wata goma, 'yan watanni bayan ya koma Newcastle daga AC Milan. Waɗannan mutane ne da ke cikin fili, suna karɓar albashin da mai tikitin haɗaka yake mafarkin ci. Ba talauci ne ya kai su ba, ba kuma jahilcin wasa ba. Tun a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta mayar da matsalar caca cikin rukunin jaraba, gefe ɗaya da shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta a matsayin cuta. Cikin alamomin da ake dubawa akwai komawa don rama asara, da ƙara yawan kuɗi kafin a ji abin da ake ji a da, da ɓoye wa na kusa, da dogaro ga wasu su cike ramin da aka haƙa.

Masu sayar da "tabbataccen wasa" ba su cancanci dogon bayani ba. Aika wa mutum 1,024 saƙo, rabi ka ce musu masu gida za su ci, rabi ka ce ba za su ci ba. Ka watsar da waɗanda ka ba ƙarya, ka sake raba ragowar biyu. Bayan wasa biyar kana da mutum 32 da suka ga ka faɗi daidai sau biyar a jere, kuma a shirye suke su biya ka. Wanda ya san sakamakon gobe da gaske ba ya buƙatar kuɗin rajistarka.

Shin akwai masu cin riba na dindindin? Akwai, 'yan kaɗan ƙwarai, kuma aikinsu bai yi kama da abin da ake tsammani ba. Ba ruwansu da wace ƙungiya suke so. Farashi suke farauta, inda kamfani ya rubuta ninkin da ya fi abin da ya kamata, su zuba a wasa ɗaiɗai, dubbai a shekara, suna neman ribar kashi biyu ko uku na abin da suka juya. Kuma ladan da sukan samu daga yawancin kamfanoni shi ne a rage musu adadin da za su iya zubawa har ya zama ba shi da amfani, ko a rufe asusun. Mai faɗuwa kuwa kyauta ake aiko masa da saƙon "mun yi kewarka." Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum wane irin baƙo ake so a gidan.

Saura kamun kai, kuma a nan ma ina ganin an fahimci abin a baibai. Ana ɗaukarsa kamar jarumtakar da mutum zai nuna a minti na 89. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutumin ƙarfe ɗayan dare ba shi ne wanda ya yi wa kansa alkawari da safe ba, kuma duk dokar da aka bar wa na daren ikon sokewa ba doka ba ce. Abin da ke aiki shi ne shingen da aka kafa da rana tsaka, wanda ba ya buɗuwa da danna ɗaya. Kamfanoni masu lasisi a ƙasashe da dama suna da wurin da mutum zai sa wa kansa iyakar abin da zai iya sakawa a rana ko a wata, kuma a tsari mai kyau rage iyakar nan take yake aiki, ɗaga ta kuwa sai an jira. A Birtaniya akwai tsarin GamStop, inda mutum zai rufe kansa daga duk shafukan caca masu lasisi na wata shida, ko shekara, ko shekara biyar. Ƙasar ta kuma hana yin caca da katin bashi tun watan Afrilu na 2020, saboda an ga cewa inda bashi ya shigo nan ne wasa ke zama masifa. Wanda ya ranci kuɗi don ya zuba, ko ya taɓa kuɗin da aka ba shi amana da niyyar mayarwa in ya ci, ya riga ya wuce batun tattalin jari. Abin da ya rage masa shi ne ya faɗa wa wani da ya yarda da shi, ya miƙa masa ragamar kuɗin na wani lokaci, ya nemi likita ko masu ba da shawara. Ƙungiyar Gamblers Anonymous, wadda aka kafa a Los Angeles a 1957, a kan wannan aka gina ta: mutum ya buɗe baki a gaban waɗanda suka san ciwon.

Ga wanda bai kai can ba kuma yake jin shi yana da iko da abinsa, akwai gwaji mai arha da ban taɓa ganin ya yi ƙarya ba. Littafi da biro. Kowane tikiti a rubuta rana, da wasa, da ninki, da abin da aka zuba, da abin da ya dawo, a ƙara da ƙarfe nawa ne aka zuba shi. Ba a tsallake ko ɗaya, musamman waɗanda ake jin kunyarsu. Ƙwaƙwalwa takan adana ranar da aka ci babba da launinta da ƙamshinta, ta share ƙananan faɗuwa arba'in da suka kewaye ta, shi ya sa kusan duk mai caca zai ce maka shi dai "yana nan daidai, bai ci ba bai faɗi ba." Wanda ba ya son wahalar rubutu ya buɗe tarihin asusunsa, ya haɗa duk abin da ya saka cikin wata shida a gefe ɗaya, duk abin da ya cire zuwa hannunsa a ɗaya gefen. Abin da ke zaune a cikin manhajar kada a lissafa shi, don bai fito ba tukuna. Sannan ya ja layi a ƙarƙashin tikitin da aka zuba bayan ƙarfe goma na dare, ko cikin awa guda da faɗuwar wani, ya haɗa jimillarsu daban.